Koren Tambari

Wata bakwai muna kan ginin nan a arewacin Jidda,
inda kwalta ta ƙare, yashi ya karɓa,
ni da Barau da wani ɗan Yaman mai yawan tari.
Bulo biyu muke jerawa, baya da baya,
mu cusa farin soso a tsakani,
mai kukan ɓera in wuƙa ta ratsa shi.
Barau ya ce, yau ga gida da 'yar ciki.

Mai gidan, Abu Nawwaf, ba ya ƙaunar asara.
Kowace la'asar yana nan da takardunsa,
yana ƙirga tagogi masu gilashi ruɓi biyu,
yana ƙirga abin da za a mayar masa
in gidan ya ci jarrabawa.
Ni ban taɓa jin gini ya zauna jarrabawa ba
sai a nan.

Ranar Talata mai dubawa ya iso,
yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba,
riƙe da na'ura kamar ludayi
mai ganin zafi yadda mage ke gani a duhu.
Ya bi bango yana haskawa. Shuɗi. Shuɗi. Shuɗi.
Ya tsaya a kusurwar kicin.
Ja.
Nan ne soso ya yanke mini wata azahar,
ga yunwa, ga rana a ƙeya,
na ce wa zai gani, na shafe.
Ashe akwai mai gani.

An ce laifi tudu ne.
Nawa rami ne, faɗin tafin hannu.
Na fasa, na cike, na sake shafewa, ban ce uffan ba.

Da zai tafi, don wasa, ya juyo da ita kaina.
Sai ga ni a ɗan allon:
goshi ja, wuya ja,
ƙirji kamar garwashin mai tsire.
Ya ce, Baba, kai kam ka faɗi, ta ko'ina kake yoyo.
Muka yi dariya har ɗan Yaman ya sarƙe.

Sun liƙa tambarin a bakin ƙofa,
tsanin launi, ja a ƙasa, kore can sama,
kibiya ta tsaya a kan kore.
Kuɗin Abu Nawwaf suka dawo.
Ya sayo mana shinkafa da rago a faranti guda,
muka ci a inuwar bangon da muka yi.

Da dare na hau ɗakina a saman bene, a Sabil,
rufin kwano, bulo ɗaya tal tsakanina da rana.
Tsohuwar na'urar sanyi tana gurnani kamar raƙumi,
tana shan wuta, tana ba mu iska lami.
Tambarinta ya koɗe tun kafin in saye ta,
amma takardar wata ba ta koɗewa.

A nan nake tuna ɗakin Iya Tabawa a Mai Wurno,
bango kamu guda, laka da ciyawa,
randa a lungu tana gumi a madadinmu.
Tsakar rana in ka shiga, sai ka nemi mayafi.
Ita ma tana da abin awonta:
takan manna kunci a bango, ta yi jim,
ta ce wa magini, ƙaro.

Guntayen soson da suka rage na roƙa, aka ce in kwashe.
Buhu uku, a kafaɗa, hawa huɗu.
Juma'a bayan masallaci na jera su ƙarƙashin kwano,
ƙarami kusa da babba, kamar facin tsohuwar riga.
Ba wanda zai zo ya haska,
ba riyal ɗaya da zai dawo.

Lantana ta ɗaga hannu ta taɓa, ta ce da dama-dama.
Auta kuwa ta yanko koren kwalin shayi,
ta zana kibiya da biro,
ta manna a ƙofa da ƙullin tuwo.

Ban cire ba.
Kibiyar ta ɗan karkace,
tana nuna sama,
inda rana ke jiran gobe.